Ni Na Nemo Ƙauyen Kakanmu, Sunan Ƙanena Za A Rubuta

Anti Merle, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan daɗe ina nadama. Shekarata hamsin da tara, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce ni a nan Innisfail, ƙasar Ostareliya, ban kuma taɓa zaton da girmana zan kai ƙarar ƙanena jarida ba. Na sauya sunaye, amma wanda ya san mu zai gane.

Kakanmu ya baro Sin ya sauka Cairns yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya ƙare rayuwarsa yana noman ayaba. Leong See Hop sunansa, amma ma'aikacin tashar jirgin ruwa ya ɗauki ƙarshen sunan ya mayar da shi sunan dangi, shi ya sa muka tashi muna amsa Seehop. Baba bai iya karatun Sinanci ba, yaren ma ya watsar tun yana yaro saboda tsokanar da ya sha a makaranta. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ni na yi jinyarsa wata goma sha ɗaya. Abu ɗaya ya roƙe ni: in nemo ƙauyen ubansa, in sa a shigar da sunansa a littafin zuri'a, kada ya zama kamar bai taɓa zuwa duniya ba.

Shekara bakwai na yi ina wannan nema. Na fara da dutsen kabarin Kaka, wanda gansakuka ta cinye rabin rubutunsa, na durƙusa na goge shi da buroshin haƙori. Na yi ta zarya Brisbane ina tonon tsofaffin takardun gwamnati har na ga hoton Kaka da tambarin tafin hannunsa. 'Yata Bronte ta shiga ajin koyon yaren shekara uku don kawai ta zama bakina da kunnena. Sau biyu muna zuwa yankin Zhongshan a ƙasar Sin muna dawowa hannu rabbana, domin ƙauyuka uku ne masu kusan suna ɗaya.

Duk tsawon lokacin nan ƙanena Desmond dariya yake mini. Ranar Kirsimeti, a gaban surukai, ya ce, "Yaya, har yanzu kina hira da matattun naki? Mu fa 'yan Ostareliya ne, ki nemi abin yi." Shi ne kuma, da muke kwashe kayan gidan Baba, ya jefa akwatin wasiƙun Kaka cikin motar shara. Ni na hau na ciro shi.

Bara, a watan Oktoba, muka dace, muka gano ƙauyen. Wani dattijo mai shekara tamanin da huɗu, Baffa Siu-kei, ya buɗe mana littafin a zauren kakanni, ya ɗora yatsa a kan sunan Kaka. A gefensa an rubuta cewa ya tafi ƙasar zinariya, wato Ostareliya, babu labari. Na yi kuka har na ji kunya. Sun gasa mana alade, sun kai mu kaburbura, kowace tsohuwa tana riƙe hannuna tana cewa goshina na gidansu ne. Suka ce za su sake buga littafin, za a rufe karɓar sunaye ƙarshen Maris, kafin bikin sharar kaburbura. Sai Baffa ya tambaya ko Baba ya bar ɗa namiji. Na ce e. Ya ce to shi ya kamata ya zo.

Da bakina na gaya wa Desmond, don ina ganin haƙƙinsa ne. A Janairu ya kwashi 'ya'yansa maza biyu ya tafi. Aka tare shi da wasan tartsatsin wuta tun daga bakin gari, shi ya fara kunna turare. Ya dawo ya tsaya a taron ƙungiyarmu ta masu asalin Sin a nan yana ba da labarin yadda "muka sha wahala muka nemo asalinmu". Ina zaune a layi na uku ana tafa masa.

Makon jiya suka aiko samfurin shafinmu. Bronte ke karanta mini: Kaka, sai gurbin Baba, sai Desmond, sai 'ya'yansa. Daga nan ta nemi ta rufe shafin. Na matsa mata, ta ce a ƙasa an rubuta, 'ya ɗaya, ta yi aure. Ko suna babu. Ita Bronte kuwa babu alamarta sam.

Ga inda muke yanzu. Ba za su cike gurbin Baba ba sai sun ga jar takardar da Kaka ya rubuta masa sunansa na Sinanci ranar da aka haife shi, kuma tana cikin akwatin nan, a hannuna. Desmond ya kira sau huɗu. Na ƙarshe ya ce, "Yaya, ba ni na kafa al'adar ba. Ki ba ni akwatin kawai mu wuce wurin." Na kashe wayar. Mijina ya ce in bayar in huta. Ni kuwa wani lokacin har ƙona shi nake tunanin yi. Abin da ya fi ci mini rai ma ba Desmond ba ne. Na fara zargin Baba ya san ba a rubuta sunayen mata a littafin, ya kuma san ɗansa ba zai ɗaga ko yatsa ba, shi ya sa ya ɗora mini. Ina fushi da mutumin da na rufe wa ido da hannuna. Anti, in bayar ne, ko in bar gurbin haka kowa ya rasa?

'Yar Mai Ayaba, Innisfail

'Yar'uwata,

An ci amanar wahalarki, ba zan lallashe ki in ce ba haka ba ne. Amma kin haɗa mutum uku a fushi ɗaya, laifinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

Dattijon ƙauye bai raina ki ba, ya rubuta yadda ya tarar ana rubutawa. Kuma a duk wasiƙarki ban ga inda kika buɗe baki kika roƙe shi ya sa sunanki ba. Kin bar Desmond ya zama mai magana da yawun gidanku, sannan kina jin haushin abin da aka rubuta. Dangi da yawa da ke sabunta littattafansu yanzu suna shigar da 'ya'ya mata. Ki sa Bronte ta rubuta wa Baffa wasiƙa a makon nan, cikin ladabi, ta lissafa abin da kuka yi shekara bakwai, ta nemi a sa sunayenku, a kuma rubuta cewa ke kika tattara tarihin reshen Ostareliya. Zai iya ƙi, ki shirya wa hakan.

Jar takardar kuwa, ki aika hotonta tare da wasiƙar, ba tare da sharaɗi ba. Ki aika da kanki, ba ta hannun ƙanenki ba. Ainihin takardun su zauna wurinki, ke kika cece su. In kika bar gurbin nan babu suna, Desmond zai ji haushi na wata ɗaya ya manta, ke kuwa ba za ki manta kin saɓa alkawari ba.

Desmond ya yi gaskiya, ba shi ya kafa al'adar ba, amma shi ya tsaya ya karɓi tafin da ba nasa ba. Ki kira shi ku biyu kawai, ki gaya masa abu biyu kike so: ya sa hannu a wasiƙar Bronte, ya kuma gyara maganarsa a gaban taron da ya yi ta. Mai yiwuwa abin da ya gani a ƙauyen ya taɓa shi da gaske, kunya ce ta hana shi cewa kin fi shi gaskiya. In ya ƙi, kin san matsayinki a wurinsa, ki daina jiran godiyarsa.

Zancen mahaifinki, ba ni da amsa, ke ma ba za ki samu ba. Mutumin da bai iya karanta littafin ba da wuya ya san dokokinsa. Abin da na tabbata shi ne ya duba 'ya'yansa biyu, ya zaɓi wadda ya yarda da ita.

Ko sun amince ko sun ƙi, ki zauna da Bronte ku rubuta naku littafin, da matan gidanku duka, tun daga matar Kaka, wadda ko sau ɗaya ba ki ambace ta ba. Ita ma tana da suna, ki nemo shi.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ji ƙan mahaifinki, ya yi wa Bronte albarka.

Anti Merle