Mashin Floridor a Bakin Kogo

Iquique, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga matata Clorinda,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya. Yaya jikin Mama? Allah ya ƙara sauƙi. Tunda kika tafi Pica jinya gidan nan ya yi mini faɗi, har tukunya ta raina ni.

An haɗa ni da ƙanenki Floridor a gasar harbin kifi ta ƙarshen mako. Kin san ƙa'idar: ɗaya ya riƙe numfashi ya nutse da bindigar mashi, ɗaya ya tsaya a sama yana kallonsa har ya fito. Gogan naki gani yake tsayuwar sama aikin tsofaffi ce, wato ni. Waɗanda suka ci su za su wakilci arewacin ƙasar nan, shi ya sa yake ta rawar kai. Ki kwantar da hankalinki, zan sa masa ido.

Mijinki mai kewarki,
Evaristo

Iquique, 7 ga Nuwamba

Clorinda tawa,

Ina gaishe ki da Mama, da fatan ta fara cin abinci. Kafin gabanki ya faɗi, Floridor yana nan lafiya lau, sai dai ba ya yi mini magana.

Ran Asabar ya harbi wani ƙaton kifin da ake kira vieja, kifin ya shige kogon dutse da mashin ya maƙale. Ya yi ta komawa yana ja, ba ya hutawa tsakani. Na ce ya bari, ya ce, "Tsoho, in ka gaji ka hau kwale-kwale." A komawar ƙarshe, saura kaɗan ya iso sama, sai na ga hannayensa sun saki, kansa ya langaɓe. Na nutsa na tallafo haɓarsa, na kwance masa ɗamarar darma, na cire masa tabarau ina hura masa iska a fuska ina kiran sunansa. Clorinda, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Kin san wanda ya suma a ruwa bai san ya suma ba. Yana buɗe ido ya rantse cewa da kifin a hannunsa ya fito, ni na ƙwaƙume shi har kifin ya kuɓuce masa. Ya ce washegari zai koma. Ni kuwa na je na gaya wa alƙalai, suka cire mu duka. A gaban jama'a ya ce baƙin ciki nake yi masa. Maganar ta yi mini ciwo, amma kada ki yi masa faɗa.

Naki har kullum,
Evaristo

Iquique, 20 ga Nuwamba

Abar ƙaunata Clorinda,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da Mama ta fara takawa. Mangwaron da kika aiko ya iso, na gode.

Jiya da safe sai ga Floridor a ƙofa, fuska a ɗaure. Wai zai je neman mashinsa a kan yashin ƙasan teku, inda ya ce na sa ya yar, kuma mai kwale-kwale ya ƙi ɗaukarsa shi kaɗai. Na bi shi.

Ya duba yashin bai ga komai ba. Sai ya nufi kogon. Daga sama ina kallonsa ya tsaya cik. Mashin yana nan maƙale a cikin dutse yadda ya bar shi, ƙaguwoyi sun cinye kifin. Ya fito ya rungumi gefen kwale-kwale ya daɗe, sannan ya ce, "Yaya, ashe ban fito da kaina ba?" Na ce a'a. Ya ce, "Da kai ma kana ƙasa fa?" Sai muka yi ta kuka kamar yara, mai kwale-kwale ya kau da kai.

Ya ce shi zai kawo miki wasiƙar nan da hannunsa, yana so ya ga Mama. Idan ya rungume ta ya ƙi saki, ki ƙyale shi, kada ki gaya mata dalili.

Ki gaida kowa. Ki dawo da wuri.

Mijinki,
Evaristo