Lamba Huɗu Nake Roƙo a Wajenka

Zuwa ga maigidana, telana, inuwata ta tsakar rana, ruwan sanyina bayan doguwar tafiya, wanda zuciyata ta zaɓa shekara goma sha tara da suka wuce kuma har yau ba ta nemi canji ba.

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ido yana ta samun sauƙi. Ya jiki? Ya ƙaiƙayin nan da ka ce yana damunka da safe? Na so in buɗe takardar nan da kiranka hasken idanuna kamar yadda na saba, sai alƙalamin ya ƙi tafiya don kunya. Na yi rubutun da manyan baƙaƙe, da alƙalamin nan mai kauri da muke rubuta sanarwa a ofishin makaranta, ko Allah zai sa ka karanta da kanka. Idan kuma likita bai yarda ba tukuna, na san Yaya ce za ta karanta maka. Yaya, ina gaisuwa. Don girman Allah ki karanta duka, kar ki tsallake inda na yabi ƙanenki, kar kuma ki ƙara naki a inda na zagi kaina. Wanda na rubuta ya isa.

Yau kwana goma sha shida ke nan rabonka da gidan nan, masoyina. Tef ɗin awonka yana nan rataye a ƙusar bayan ƙofa, kofin shayinka yana kife inda ka bar shi, ƙaramin keken da kake ƙarasa ɗinki a gida na lulluɓe shi da tsohon zanen gado don ba na iya kallonsa. Gidan ya yi mini girma. Ashe duk hayaniyar da nake cewa kana damuna da ita, tarin nan naka na safe da waƙar da kake yi ta hanci in kana yanka yadi, su ne suke riƙe da bangon? Ina kewarka kamar yadda shuka ke kewar ruwa, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ni na janye ruwan da hannuna.

Ka tuna ranar da na fara shiga shagonka da yadi a leda? Kana can ƙurya a kan keke, ina bakin ƙofa, tsakaninmu ya kai taku goma, ka ɗago kai sau ɗaya ka ce, “Maɓalli na biyu a hannun rigarki, ba da zarensa aka ɗinka shi ba.” Na duba, wallahi haka ne, ni na ɗinka shi da safe da zaren da hannuna ya kai. Na koma gida ina jin haushinka, ina kuma Allah-Allah ranar karɓar ɗinki ta zo. Na ce a raina, mutumin da ya hango zare daga taku goma ba zai kasa ganin damuwata ba. Ba ka kuwa taɓa kasawa ba. Ni ce na zauna kusa da kai wata da watanni kana miƙo mini allura in zura maka zare, ina zurawa da sauri in mayar da ido kan waya, ban taɓa tambayar kaina yaushe telana ya fara neman mai zura masa zare ba.

Bari in faɗi laifin da bakina, tunda har yau ba ka bar ni na faɗa ba. Ranar Lahadin nan da la'asar ka zauna a hannun kujera kusa da ni ka yi magana mai ɗan tsawo. Na ji muryarka kamar yadda ake jin ruwan sama a kan kwano, da daɗi, amma ban ɗauki kalma ko ɗaya ba. Da ka yi shiru na ce, “To, Allah ya kai mu.” Sai daga baya Yaya ta gaya mini abin da ka ce: likita ya ga yanar ido a idanunka biyu, za a yi wa na dama aiki ranar Talata ƙarfe takwas, kana so in nemi izini a ofis in raka ka, don gabanka yana faɗuwa. Kai da ban taɓa jin ka ce kana tsoron wani abu ba! Sau ɗaya a shekara goma sha tara ka buɗe mini wannan ƙofar, ni kuma ina can ina shafa gilashi da babban yatsa.

Ranar Talata ka sa farar rigarka ka tsaya a bakin ƙofa. Na fito da jakar aikina na ce, “Ina zuwa haka da gayu?” Ka kalle ni, ka daɗe kana kallona, ka ce, “Ba nisa.” Da yamma sai ga Yaya riƙe da hannunka, ido rufe da auduga da filasta, ni kuwa ina kan kujerar nan dai, da wayar nan dai a hannuna. Yaya ta ce, “Yi zamanki, kayansa muka zo ɗauka. Maganin nan duk bayan awa biyu ake ɗigawa, yana buƙatar wanda hankalinsa ke jikinsa.” Da ma mari ta yi mini, da tuni ya huce.

Amma kai ma, ranka ya daɗe, bari in faɗi nawa. Wace irin zuciya ce da kai? Me ya hana ka fizge wayar ka jefa ta cikin bokitin wanki? Me ya hana ka daka mini tsawa har maƙwabta su leƙo? Mai kawo maka ɗinki zai sa ka warware wuyan riga sau uku, ka warware kana murmushi, amma matarka ba ta ci darajar a maimaita mata magana ɗaya ba? Kai, wannan shirun naka ya fi zagi ciwo! Na rubuta haka na ajiye alƙalami, don na san amsar. Shekara uku kana maimaita mini magana sau biyu sau uku, kana cewa “Kina ji na kuwa?” ina cewa ina ji. Ranar ce kawai ka gaji.

Ka kuma san abin da ya faru a zuwana na biyu gidan Yaya. Ina zaune a bakin gado ina ba ka haƙuri, ka fara sakin fuska, har ka tambaye ni ko na ci abinci, sai wayar ta yi motsi a cikin jaka. Wallahi ban aiki hannuna ba, da kansa ya tafi. Ban ma ciro ta ba, zif ɗin kawai na ja. Ka ji ƙarar zif ɗin, ka juya fuskarka bango ka ce barci kake ji. A hanyar gida na yarda cewa abin nan ya fi ƙarfin alkawarin baki.

Washegari na gaya wa Malamar lissafi, wadda kujerarta ke kusa da tebur ɗin da nake buga takardun jarrabawa. Ta ce ai akwai manhajoji da ake saukewa su riƙe wa mutum linzami. Na shiga nema. Masoyina, kwana uku cur na yi ina shafa waya ina neman abin da zai hana ni shafa waya! Wannan tauraro biyar aka ba ta, waccan huɗu da rabi, wani ya ce ta gyara masa rayuwa, wata ta ce tana cinye caji. Na buɗe bidiyon wani yana kwatanta guda goma, kafin in farga ina kallon yadda ake yi wa akuya wanka. Ka taɓa ganin wauta irin wannan?

Ta farko da na sauke ƙirga kawai ta iya. Ta ce awa bakwai da minti arba'in nake yi kullum. Awa bakwai! Ko a ofis da ƙyar nake cika su. Ita ce ta nuna mini cewa ranar Lahadin nan, daga ƙarfe huɗu da goma zuwa biyar saura, ban ɗaga ido ba. Na bi sawu don in ga me ya fi maganarka muhimmanci. Wata mata ce, a wata ƙasa da ban san sunanta ba, tana wanke kafet mai datti. Kafet, masoyina! Kafet ɗin ma ba nawa ba! Na yi kuka har kaina ya yi ciwo, manhajar kuwa ta turo mini saƙo cikin ladabi wai in yi ƙoƙari gobe. Na goge ta.

Ta biyu cewa take yi ka ja numfashi na daƙiƙa goma kafin ta buɗe maka abin da kake so. Na ja. Na sake ja. Yanzu duk makarantarmu ba wanda ya kai ni iya numfashi, awa bakwai kuwa suna nan daram. Ta uku ɗan tsako take ba ka ka rena a fuskar waya, in ka yi haƙuri ya girma, in ka leƙa inda aka hana ya kwanta ya mutu. Na kashe 'yan tsaki goma sha ɗaya a kwana biyu. Na farkon ne kaɗai na ji tausayinsa, sauran ko a jikina. A nan tsoro ya kama ni sosai, don na ga yadda zuciya ke saba wa da ɓarna.

Za ka ce in jefar da wayar in huta. Na ɗaga hannu sau biyu zan yi hakan, amma ta nan malamai ke turo mini tambayoyin da zan buga, ta nan kuma Mama ke kirana. Shi ya sa na tsaya a kan ta huɗu, wadda ba ta da ado ba ta da lallashi. Tana rufe komai, ta bar kira da saƙon ofis da ƙararrawa, kuma ba ta buɗewa sai da lamba huɗu da wani daban zai saka, ba mai wayar ba. Na ba Malamar lissafi ta saka. Kwana biyu na yi ina bin ta kamar jela, daga aji zuwa ɗakin malamai, har na yi mata ƙarya cewa wata takarda ta maƙale a ciki. Ta gaji ta faɗa mini lambar, da ta gano ƙarya ce ta ce, “Ke kam sai addu'a. Manhajar ba ta da laifi. Ki nemi wanda kike jin kunyarsa ya riƙe miki.”

Wanda nake jin kunyarsa! Na duba duniyar nan kaf, mutum ɗaya na gani. Yaya, kar ki ce a ba ki, na san za ki saka ki manta da gangan. Kai nake nufi, sanyin zuciyata. Kai kaɗai ne ba zan iya buɗe baki in ce ba ni lambar in kalli kafet ba.

Ga roƙona, ina durƙushe nake yin sa. Ranar Litinin in na tashi daga aiki zan zo da wayar. Lambobin manya ne, idonka na dama zai gan su sarai. Ka danna guda huɗu, kar ka zaɓi shekarar aurenmu don zan gane, kar kuma ka gaya mini ko da na yi kuka, ko da na yi fushi na ƙi magana. Sannan ranar Talata ƙarfe takwas, da za a yi wa na hagu aiki, ka bar ni in riƙe hannunka. Takardar izinin da shugaban makaranta ya sa wa hannu tana cikin ambulan ɗin nan, na sati guda ne, Yaya ta duba hatimin. In an fito da kai, ka ce wa mai mota ya yi gida da mu, gidanka, in zama ni ce mai ɗiga maka magani. Ban ce ka manta ba. Ka dai ba ni ido ɗaya in kula da shi, tunda na yi sakaci da ɗayan.

Ban gaya maka wani abu ba. Ranar da kuka zo ɗaukar kaya, kuna ɗaki, na ɗauki hoton takardar likita da Yaya ta ajiye a kan tebur. Tun ranar na saita ƙararrawa a kan lokutan maganinka. Satin farko duk bayan awa biyu take kaɗawa, yanzu sau huɗu, bakwai da sha ɗaya da uku da bakwai, kamar yadda aka rubuta. Takardar ta ce a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa kwalbar. To duk lokacin da ta kaɗa, ko a ofis ko a gida, ina tashi in wanke hannuna, in tsaya, sai in ga ba idon da zan ɗiga wa. Malamai sun ɗauka wani ciwo ne ya kama ni. Kwana goma sha shida, duk da awa bakwai ɗin, duk da 'yan tsakin da na kashe, ko sau ɗaya ban tsallake ba.

Ga ta nan ma ta kaɗa, ƙarfe uku ta yi. Na je na dawo. Danshin da ke gefen takardar nan na hannuna ne, ban tsaya gogewa ba. Yaya, ki ɗora yatsansa a wurin ya ji, sannan ki tashi ki ɗiga masa, lokaci ya yi.

Taka ce ni jiya, taka yau, taka har ranar da numfashin nan da na koya zai ƙare,

Matarka mai zura maka zare.