Jarrabawar Rabi da hawan jinin Inna

Zuwa ga Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya zafin Fatakwal? Ya Malam da yara, ya kuma gwiwar taki? Mu nan Gwadangaji lafiya lau.

Labarin ɗiyarki Rabi zan ba ki. Kin san jarrabawar lasisi kaɗai ta rage mata ta zama cikakkiyar mai harhaɗa magunguna. Sau biyu ana ɗagewa saboda korona. Na biyun ma tana tasha, ta riga ta shiga mota, saƙon ɗagewar ya shigo wayarta. Ta dawo da jakarta, ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba.

Da na ga haka, na tura ta Argungu wurin Inna, wadda jiri ya dama. Rabi ta zazzage ledar magungunanta a tabarma, ta tarar maganin hawan jini iri ɗaya take sha sau biyu, don kwalayen sun bambanta, ta ɗauka magani biyu ne daban. Ta kai ta wurin likita, aka gyara. Yanzu Inna har kasuwa take zuwa da ƙafarta.

An sa sabuwar ranar jarrabawar, makon gobe. Da Rabi za ta taho, Inna ta riƙe hannunta ta ce, “Ko sun ɗage, ɗiyata, ni dai kin ci tawa.”

Yaya, ki taya mu addu'a kar a sake ɗagewa. Ki gaida Malam da yara duka.

Ƙanwarki,
Hajara