Tagar da Ka Sassaƙa a Bayan Marwa

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kuma na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma sai an karanta maka, ka ce in taƙaita. Yau ba zan taƙaita ba.

Inna lafiyarta ƙalau, sai ciwon gwiwa. Matata Hajara ta sauka, an samu mace. Mun tashi daga unguwar Tandabawi, muna unguwar Ka'akiyya yanzu, a gidan siminti mai ɗaki biyu. Na rufe shagonka wata shida bayan rasuwarka, don ba mai kawo aikin sassaƙa. Ina aikin kafinta a wajen masu gina masaukin alhazai.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Aikin faɗaɗa Harami ya kai gidajen bayan Marwa. An rushe gidan attajirin nan mai turare, wanda ka yi wa roshan, babbar tagar katakon da ta fito daga bango hawa biyu, wadda ka shekara guda kana sassaƙawa. Ni aka tura in cire katakon gidan kafin a kawo motar rusau. Da hannuna na ɓamɓare ta, Baba, kuma da gudumarka. Ana ta yi mini tsawa in yi sauri, har kusurwa ɗaya ta tsage, daidai inda ka saƙala dagin nan na Kano a cikin furannin Hijaz. Fuska ɗaya kawai, mai tsagar nan, na iya ɗaukowa. Sauran kuwa, masu gidan burodi suka kwashe don hura wuta.

Ka san abin da nake yi yanzu? Ƙofofi. Guda arba'in iri ɗaya, sumul, ko zane ɗaya babu. Muhandis ɗinmu, injiniyan da ke zana ginin, a Masar ya yi karatu. Ya ce ado ɓata lokaci ne, gini ya nuna abin da aka yi shi da shi, siminti da ƙarfe da gilashi, shi ke nan. Na tambaye shi inda wannan tunani ya fito. Ya ce daga ƙasashen Turawa ne, inda injuna suka yi yawa, mutane suka cika birane, yaƙi kuma ya rushe musu gidaje, dole aka koyi gini da sauri. To mu wane yaƙi aka yi mana? Ba da hannunmu muke rushewa ba?

Amma abin da ya fi ba ni haushi shi ne ban iya ƙaryata shi ba. Kai shekara huɗu ka yi a hanya, daga Kano ta Sudan, kana noma kana tafiya. Alhazan yanzu a jirgin sama suke zuwa, su yi sallar asuba a garinsu, su yi isha'i a nan. Ina za a kwantar da su? Wa zai jira taga ɗaya shekara guda?

Da na kawo fuskar tagar gida, na zaci Inna za ta yi kuka. Kallo ɗaya ta yi mata, ta ce in kai ta soro. Ta ce shekara ashirin ta yi tana cusa tsumma a ramukan tagarmu tana fitar da ƙura, ba wanda ya taɓa tambayarta ko tana son ado. Hajara kuwa gilashi take so, ta ce ta gaji da zama a duhu tana leƙen titi ta kafar allura. Ka taɓa sanin haka, Baba? Ni ban sani ba. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ranar da na kafa ƙofata ta farko ta rufu ba ƙara, na ji daɗi. Na ji kunyar daɗin, amma na ji shi.

Kai ma kana da naka laifin. Shekara tara ina shagonka. Me ka ba ni? Zarto da goge katako. Duk lokacin da ka zo kan dagi sai ka juya mini baya, ka ce hannuna bai nuna ba tukuna. Yaushe ka yi niyyar ya nuna? Ka riƙe abin kamar za ka dawwama, zazzaɓin kwana biyar ya tafi da kai da shi gaba ɗaya. Kana zagin masu gini da siminti cewa su za su kashe sana'ar. Ɗanka na tsaye a bayanka yana jira.

Juma'a uku na yi a soro da kayan aikinka, ina son in gyara kusurwar da na tsaga. Na ɓata katako huɗu. Ina ganin inda zaren dagin ya shiga, ban gane inda yake fita ba. Na nemi tsofaffin abokan sana'arka a unguwar Hindawiyya. Ɗaya ya makance, ɗaya yana sayar da rediyo, ya ce ya manta.

Jiya na haƙura. Na yanko katako sumul, irin na ƙofofina, na toshe wajen da shi. Bai yi kyau ba, amma ya zauna daram. Duk wanda ya duba zai ga inda hannunka ya tsaya da inda nawa ya fara.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabari. Na yafe maka, ko da yake haushin bai gama sauka ba. Kai ma ka yafe mini.

Ɗanka Salihu, mai yin ƙofofi,
daga Ka'akiyya.