Na Kulle Su Don Tsoron Ruwa, Uwarsu Ta Kai Su Koyon Iyo

Gwaggo, ki agaza mini da shawara. Yau kwana tara ban yi wa matata magana ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne a zuciyata na san ita ce da gaskiya.

Ni mai walda ne a wata ma'aikatar gyaran jiragen ruwa, nesa da gida, shekara takwas ke nan. Mu shida ne a ɗaki, gado kan gado. Sau ɗaya nake leƙa gida a shekara. 'Ya'yana biyu: babbar shekararta goma sha biyu, muna ce mata Lauya don ba a kayar da ita a musu, sai Auta ɗan shekara bakwai. A waya na ga haƙorinsa ya faɗi, a waya na ga wani ya tsiro. Ban ce an cuce ni ba, ni na zaɓi tafiyar, amma na gaji.

Ba lokacin da na tsana kamar dogon hutu. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya ƙanina ya nutse a rafi, saura mako ɗaya a koma makaranta. Ina tsaye a bakin ruwan riƙe da rigarsa. Har yau ban iya iyo ba, ga shi a bakin teku nake neman abinci.

A wurin aikinmu, duk abin da ke da haɗari sai a zagaye shi da jan ƙyalle, a garƙame da kwaɗo, a rubuta doka a manna. Haka na yi wa gidana da aka ba da hutu. Na aika da jadawali na karatu da barci da wasa, na sa aka sayi kwaɗo, aka kafa kyamara a tsakar gida wadda nake kallo ta wayata. Fita ɗaya na yarda da ita, zuwa gaida mahaifiyata ranar Asabar da yamma. Kullum in muka tashi cin abincin rana sai in duba, in ga takalmansu jere a ƙofar ɗaki, in ci abincina hankali kwance.

Ashe takalman ne kawai ke bin dokata. Matata ta san daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu wayoyinmu na kulle a akwati a wurin aiki, ta kuma san kyamarar mai araha ce, ba ta ajiye hoto. Sau uku a mako take sa musu tsofaffin silifas ta kai su wurin iyo na filin wasanni. Mai koyarwar kuwa yayanta ne, tsohon ɗan kwana-kwana, mutumin da tun ranar da na nemi aurenta yake kallona kamar wutar da bai gama kashewa ba. Mako biyar ana wannan ni ina can ina gadin takalma.

To, Asabar waccan, bayan an kwana biyu ana ruwa, suna kan hanyar gidan mahaifiyata, fitar da ni na halatta da bakina. Akwai wani rami da magina suka haƙa suka bari, ya cika maƙil, zurfinsa ya shanye babban mutum. Auta ya bi ta gefe, ƙasa ta zabtare da shi. Gwaggo, yaron nan bai yi ta fafutuka ba. Ya juya rigingine, ya baza hannuwa, ya ɗaga haɓa, kamar yadda kawunsa ya koya masa. Lauya kuma ba ta faɗa ciki ba. Ta wurga masa wata jarka da ba komai a ciki, ta kwanta rub da ciki ta miƙa masa dogon katako tana ihu, har magina biyu suka zo suka jawo shi. Ko ƙwarzane bai yi ba.

Da labarin ya iso ni, na zaga bayan tarin ƙarafa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Na gode wa Allah. Daga nan na kira matata na zazzage mata duk abin da ke bakina, na ce ta mayar da ni gunki a gidana. Ta bari na gama tsaf, sannan ta tuna mini sau biyu ta roƙe ni in bar su su koyi iyo na ƙi, ta ce kwaɗona ba ya bin yaro hanya. Ta ce ko a ci gaba da koyo, ko in dawo in tsare su da kaina.

Na kai ƙara wurin mahaifiyata ina jiran ta mara mini baya. Sai ta ce a igiyar gidanta ake shanya jiƙaƙƙun kayan, don kada kyamarata ta gani. Ta ce ta binne ɗaya, ba za ta binne jika saboda tsorona ba.

Yanzu unguwa gaba ɗaya zancen Lauya ake yi. Auta kullum sai ya turo mini saƙon murya cewa in na zo zai koya mini, wai ba wuya in dai ban cika tsoro ba. Ina alfahari da su har ƙirjina na ciwo. Amma an yaudare ni mako biyar, kuma in na tuna suna cikin ruwa numfashina ɗaukewa yake yi. Saura mako uku a koma makaranta. In bar su su ci gaba? Matata kuma ta ina zan fara da ita?

Mai walda a nesa

*

Ɗana mai walda,

Barka da arziki. Ka ƙara godiya, don ba kowane uba ne ke rubuto irin wannan labari da yaronsa na turo masa saƙon tsokana ba.

Bari in ba ka haƙƙinka tukuna. Tsoronka ba shirme ba ne, kuma ba daga son mulki ya fito ba. Matarka ta yi kuskure da ta ɓoye maka, yaudarar takalma ba abin yabo ba ce, kuma yara sun ga yadda ake zagaye uba, wanda darasi ne da ba a so su riƙe. Kana da damar faɗa mata haka. Amma ka tambayi kanka wace ƙofa ka bar mata. Ta roƙa sau biyu ka rufe. Ita ke ganin ramukan unguwar da idonta, kai kuwa tsakar gida kawai kyamara ke nuna maka. Ta zaɓi fushinka a kan haɗarin ɗanka, kuma sakamakon yana nan yana yawo da ƙafafunsa.

Ka bar su su ci gaba, amma a fili, da sharuɗɗan da ku biyu za ku tsara. Kada su shiga ruwa sai da babban da ya iya iyo yana kallonsu, ido a kansu, ba a kan waya ba. Rafi da rami da tafki haramun ne ko da sun ƙware, don yaron da ya ɗan iya ya fi saurin ganganci, kuma Auta yanzu ji yake ba kamarsa. A yaba wa Lauya a kan ƙin faɗawa da ta yi, a nanata musu cewa ana wurga abu ne, a miƙa sanda, a kira manya. In ba a kai Auta asibiti ba, a kai shi a duba, ruwan rami ƙazanta ne. Tari, zazzaɓi ko gudawa kada a jira. Ramin nan kuma 'ya'yan wasu na bi ta wurin. Ka sa kawunsu ya tara iyayen layin su matsa wa mai ginin ya katange shi ko ya cike. Wannan aikinka ne, kai da ka san darajar katange haɗari.

Kulle yara wata biyu ma ba lafiya ba ce. Jiki na son gudu da rana da abokai.

Batun ta ina za ka fara, ba wuya. Yau in ka tashi cin abinci ka kira ta. Ka fara da godiya, ka nemi afuwar kalaman da ka yi, sannan ka faɗa mata ɓoyon ya yi maka ciwo, ku yi alkawarin ba za a ƙara ba, kai ma ba za ka ƙara yanke hukunci kafin ka saurare ta ba. Ka kira kawun nan ma. Zai ɗan yi maka ɗagawa, ka haɗiye, ya ci wannan.

Allah ya jiƙan ƙaninka, ya raya maka waɗannan biyun, ya dawo da kai gida lafiya ka same su cikin dariya.

Gwaggonku