Waken Jikata Ya Haifi Kuɓewa

Malam mai ba da shawara,

Salamu alaikum. Don Allah ka agaza mini, na ƙulla abin da na kasa kwancewa. Ka yi haƙuri da rubutuna, da furfura na koye shi. Ni baduku ne a Birni, nan Damagaram. Ina yaro Faransawa suka shigo garin nan, amma ban taɓa taka lakwal, wato makarantar boko, ba sai shekara uku da suka wuce, da aka buɗe karatun manya na bayan la'asar. Can na sha kunya. Mushen namu, wato malamin, sa'an ɗana ne, in ka yi kuskure sai ya tsai da kai gaban kowa ka maimaita.

Shi ya sa murnata ba ta faɗuwa a kan jikata Wasila, 'yar shekara biyar. Ubanta Mutari, ɗana, yana aiki a gidan waya, shi ne ya saka ta a makarantar ƙananan yara ta 'yan mishan. Da fari na ƙi, sai na je na gani da idona. Ba bulala, ba tsawa. Malamarsu Kirista ce 'yar Dahomai, Madam suke ce mata. Na tarar ta aje musu ƙwarya cike da ruwa, suna jefa tsakuwa da kara da gashin kaza, su ga wanne zai nutse. Ba ta faɗa musu, sai ta ce su gwada. Baƙin rubutun da ya ci mini sati biyu ina koyo, Wasila da yatsa ta zana shi a yashi tana dariya. Na dawo gida ina share ido. Makarantar allo kuwa tana zuwa da yamma, ba ta fasa ba.

To ga inda na ɓata. Da za su yi hutu, Madam ta ba kowane yaro ƙwayar wake ya shuka a ƙoƙo ya kai gida. Wasila ta aje nata gindin randa, amma kowace safiya sai ta tone ta duba ko ya farka. Kwana shida wake ya ruɓe, ita ba ta sani ba. Ta tsuguna tana lallashin ƙoƙo, ko fura ta ƙi. Mu da kullum take ce mini tsoho mai warin fata, ina ce mata uwargida marowaciya, ranar ko tsokanata ba ta yi ba. Raina ya ƙi. Da uwarta ta kai ta kitso, na garzaya lambun abokina Nomau. Ban same shi ba, sai na ciro wani tsiro mai ganye biyu da ƙasarsa, na zo na dasa a ƙoƙon. Malam, ni fata na sani, ban taɓa riƙe hauya ba. A idona duk tsiro ɗaya ne.

Da ta dawo ta gani, har rawa ta yi mini a zaure. Aka koma karatu, aka dasa na kowa bayan aji. Na sauran yara ya yi yaɗo a ƙasa. Na Wasila ya miƙe tsaye, ya yi fure, ya fitar da kuɓewa.

Yara suka sa mata suna maƙaryaciya. Ita kuwa ta tsaya gaban aji ta ce su tambayi kakanta, a gabansa ta shuka, kuma shi ba ya ƙarya. Madam ba ta ƙaryata ta ba, sai ta raba musu wake da irin kuɓewa ta ce a sake shukawa a gani. Yanzu yarinyar nan tana can tana jiran wakenta ya sake ba ta kuɓewa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Maƙwabciyarmu Hajjo ta ɗauki zancen ta kai kowane gidan suna, wai gidan da wake ke juyewa ya zama kuɓewa, me zai hana 'yar Musulmi ta juye? Mutari ya gaji da surutu, ya ce ƙarshen watan nan zai cire ta. Sau uku ina kiran sa don in faɗa masa, sai in ɓige da tambayar lafiyar aikinsa. Kunyar ɗana nake ji, amma tsorona ya fi a kan idon Wasila. Ba zan ɓoye maka ba, har zuciya ta raya mini in sake komawa lambun Nomau in ciro mata wata kuɓewar. In faɗa wa Mutari shi kaɗai a rufe zancen, ko yaya zan yi? Saura kwana tara.

Kakan mai wake, Birni

Baba,

Wa alaikumus salam. Na yi dariya, ba zan musa ba, amma na kuma tausaya maka. Abin da ka yi ƙauna ce ta sa, duk mai jika zai gane. Sai dai lambun Nomau kam ka bar shi haka nan.

Faɗa wa Mutari shi kaɗai ba zai wadatar ba. Zai iya barin ta a makarantar, amma sunan maƙaryaciya zai ci gaba da bin ta, alhali gaskiya ta faɗa iyakar saninta. Ka fara da ita, yau ko gobe. Ka zaunar da ita ka ce wakenta ya mutu, kai ka dasa wani don ka kasa jure ganin ta cikin baƙin ciki, kuma ka yi kuskure. Za ta yi fushi. Ka bar ta ta yi, kada ka toshe mata baki da alewa. Gara ta ji daga gare ka da ta gano da kanta ranar da sabuwar shukar ta fitar da wake.

Ka kuma mayar mata da abin da ka hana ta sani. Ku shuka wake a ƙoƙo biyu, ɗaya ta riƙa tonowa yadda ta saba, ɗaya ta ƙyale shi. Kada ka faɗa mata abin da zai faru.

Sannan Mutari. Kada ka raina damuwarsa, haƙƙin uba ne ya lura da addinin 'yarsa. Ku je tare wurin Madam, ku tambaye ta ƙeƙe-da-ƙeƙe irin waƙoƙi da addu'o'in da ake yi da yara, da kuma abin da ake ɗauke wa 'ya'yan Musulmi. In ya ji amsa ya yanke hukunci, nasa ne. Amma kada a cire yarinya daga inda take ƙaruwa saboda kuɓewar da kakanta ya dasa. Hajjo kuwa ka gaya mata da bakinka a gaban mutum biyu, ita za ta isar wa gari.

Abu na ƙarshe shi ne mai nauyi. Ka roƙi Madam ta bar ka ka yi wa yaran bayani da kanka. Wasila ta tsaya gaban aji ta ba da shaida a kanka, kai ma ka je ka tsaya ka ba da shaida a kanta.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya ranar, ya raya Wasila, ya bar ku tare shekaru masu yawa.

Mai ba da shawara