Rabin Addu'a

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta kawo mini littafin nan da biro, wai in riƙa zuba masifata a ciki maimakon a kanta. To, ga shi. Ban yi makaranta ba, marigayiya uwarsu ce ta koya mini haɗa baƙi da furfurata. Ai ba don kowa nake rubutawa ba.

Tun da gyambon nan ya kama ƙafata suka ɗauko ni daga gidana suka ajiye a saman bene. Gado, bokiti, taga mai ƙarfe. Kazar da aka ɗaure ma ta fi ni yawo. Ciwon suga, in ji likita. Ni da ko shayi ba na sha da zaƙi.

Laraba, 5 ga Maris
Ƙafar ta fara wari. Auta tana buɗe taga tana cewa zafi take ji. Na san ƙarya ce.

Lahadi, 9 ga Maris
Daga gadon nan ana jin ƙararrawar majami'a. Wannan ma wata azabar ce. Tun ina saurayi nake buga ta, ban taɓa fashi ba, har ranar da muka binne uwar yara ni na ja igiyar. Sau ɗaya tak na makara, kafaɗa ta riƙe. Sai Dogo kafinta, abokina tun muna yawo ba wando, ya miƙe a taron dattawa ya ce na tsufa, a hutar da ni. A gaban jama'a ya karɓi makullin ɗakin ƙararrawar. Tun ranar ban sake taka ƙofar ba. Da Yesu ba mu ɓata ba. Da Dogo ne.

Yanzu shi ke bugawa. Gwan-gwan-gwan, kamar mai korar awaki daga gona. Bai san ana sakin igiya ba, a bar ƙararrawa ta gama maganarta kafin a sake ja.

Talata, 11 ga Maris
Kowace safiya ina yin addu'ar da Ubangiji ya koya mana. Marigayiya takan ce ita ce bargonmu, mu lulluɓa kafin mu fita. Ita ta tsare ni ranar da babbar mota ta kife da mu, ita ta riƙe ni shekarar da muka rasa ɗanmu na fari. Ban taɓa neman tsari a wani wuri ba.

Yau Auta ta shigo da ruwan wanke ƙafa, ta ce, "Baba, wannan tarin naka mai hankali ne. Kullum wuri ɗaya yake zuwa."
Na ce wane wuri.
"Wurin da ake cewa mun yafe wa masu yi mana laifi. Ina jin ka ta bango. Ka yi tari, ka tsallake, ka ci gaba."
Na ce ta kula da ruwanta, yana hucewa. Yaran yanzu, kunne har a bango.

Ai ni ba na yi wa Allah ƙarya. Abin da ban yi ba, ba zan faɗa masa na yi ba.

Jumma'a, 14 ga Maris
Sun sauke ni a kujera kamar buhu, surukina yana haki, maƙwabta na leƙe. A asibiti likita ya duba ƙafar. Wai za a yanke, ƙasa da gwiwa, ranar Talata. In an bari zai hau. Ya ce zuciyata ma ba ta da ƙarfi sosai, ba zai ɓoye mini ba, akwai waɗanda ba sa farkawa.

Suka maido ni gida. Ya Yesu, ina bargon?

Asabar, 15 ga Maris
Ban ci komai ba. Taga kawai.

Lahadi, 16 ga Maris
Bayan an tashi sujada a majami'a na ji wani yana hawo bene yana tsayawa yana nishi. Na san nishin. Na ce wa Auta ta ce ina barci. Ta ce ita ba ta ƙarya ranar Lahadi.

Dogo ne. Ya rame, wuya kamar na zalɓe. Fasto ya aiko shi da Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabi, a ɗan akwati, ga kuma tef ɗin awo yana leƙe daga aljihunsa.
Na ce, "Ka zo auna ni don akwatin gawa?"
Ya ce, "Naka ai sai an ƙaro katako saboda girman kai. Sandunan dogarawa zan yi maka, tsohon banza. Miƙo hannu."
Ban miƙa ba. Ya auna gadon, wai tsawonmu ɗaya.

Jibin kuwa na ce ya mayar. Ba zan karɓa daga hannun da ya ƙwace mini makulli ba. Ya zauna ba wanda ya ba shi wuri. Ya ce ranar da na makara shi ya tarar da ni zaune ƙarƙashin igiya ina riƙe da ƙirji, leɓena ya yi fari. Wai in ya yi mini magana a ɓoye ba zan ji ba. Wannan kam gaskiya ne, ba zan ji ba. Amma sai a gaban jama'a?

Da zai fita ya ce, "Jibi za ka kwanta gaban wuƙa da rabin addu'a. Ko bargo ne, rabi ba ya rufe mutum."
Auta ce ta kai masa gulma. Har da maganar uwarta.

Litinin, 17 ga Maris
Na gwada. Na iso wurin, tarin ya dawo. Na ce, Ubangiji, ka ga dai ƙoƙarina, ka san shi ma, ka san bakinsa. In ban farka ba, da wace fuska zan shigo?

Alhamis, 20 ga Maris
Na farka. Ƙafar ba ta nan, amma babban yatsan yana yi mini ƙaiƙayi, ba wurin sosawa.

Auta ta ce Dogo bai bar bakin ɗakin tiyata ba har aka fito da ni. Jiya ya shigo da sandunan, ya kankare su sumul, ya naɗe wurin hammata da tsumma. Da ya miƙo na ga tafin hannunsa, duk ya ɗuri ruwa ya fashe. Na ce wannan ba aikin katako ba ne. Ya ce igiya ce, tana cin sa kowace Lahadi.
Na ce, "Don kana kokawa da ita ne, jaki. Ja, ka saki. Bar ta ta tafi, za ta dawo da kanta."
Na nuna masa da igiyar labule. Nas ta yi mana faɗa.

Don ƙararrawar na yi. Tausayinta nake ji.

Lahadi, 30 ga Maris
Na dawo ɗakin bene. Da sandunan na kai taga, na faɗi sau ɗaya, ba wanda ya gani. Ta hammatar hagu ta ɗan yi tsawo. Haka ake yi in an auna gado.

Ƙararrawa ta buga. Da sauƙi. Har yanzu yana gaggawa a ƙarshe, amma ta sami numfashi.

Ya zo da ɗan akwatin bayan sujada. Na karɓa. Ai ba nasa ba ne, na Ubangiji ne, shi ɗan aike ne kawai.

Da safe na yi addu'a tun daga farko har amin. Tarin bai zo ba. Ina jin maganin likitan nan ne.